Ƙafar Inna da Jarrabawar Nasiba

Dogon Gawo, ƙasar Buza,
ƙarshen watan Satumba.

Zuwa ga yayana Isaka, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yelwa da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya maido mana ku gida cikin alheri. Mu nan duk lafiya lau, sai godiya. Damina ta makara bana, amma da ta zo ta zauna. Geron gonar tudu ya nuna, muna shirin sa masa hannu, dawar fadama kuma tana bukatar ruwa ɗaya ko biyu nan gaba. Wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Matata Cima ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ɗanmu Mustafa kuma yana ta ɗokin komawa lakwal, makarantarsu ta boko. Inna lafiyarta ƙalau, tana cin tuwonta tana faɗanta. Ka riƙe wannan magana da kyau, domin za ka ji wata daban daga bakin mutanen Tawa.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Tsoho, da zai taho wajenku, alhali ga waya. Na san yadda ake sauraren saƙon murya a wajenku, a buɗe, mutanen gari duk suna zaune suna ji, kafin magariba labari ya dawo gida ta wani bakin. Abin da zan ba ka kuwa akwai wanda bai kamata ya kai kunnen Kawu Ango, ƙanen Inna da ke Tawa, ba. Na gaya maka a waya cewa an samu alheri game da karatun ɗiyarka Nasiba, na ce bayani yana tafe. To ga shi. Ka yi haƙuri da tsawonsa, ka san halina, ba na iya fara labari daga tsakiya.

Tun da Nasiba ta ci BEPC, jarrabawar gama kolej, da maki mai kyau hankalina bai kwanta ba. Karatun garinmu a kolej ya tsaya, ba mu da lise, babbar sakandaren da ake wucewa bayanta. Yarinyar da ta gama sai ɗayan biyu: ko ta samu makarantar kwana, inda za a ba ta gado da abinci da fitilar karatu, ko a kai ta gidan wani ɗan'uwa a Buza ko Madawa ta riƙa zuwa lise daga can. Na ga 'yan matan garin nan da aka kai zaman gidan dangi. Ban ji an zalunci ko ɗaya ba, amma kusan dukansu shekara guda suka yi suka dawo da akwatinsu. A lokacin ina cewa ko karatun ne ya fi ƙarfinsu. Kai kuma ranar da za ka tafi ka ce mini ka bar mini ita amana, in ga ta yi karatu har inda kanta ya kai. Wannan magana ba ta bar ni ba.

Mushe Mahamud, wato Malam Mahamud, malaminsu na lissafi, shi ya ba ni shawara kada mu dogara ga makaranta ɗaya. Makarantun kwanan nan ba a shigarsu sai da konkur, wato jarrabawar gasa, yara masu yawa suna neman gurbi kaɗan. Muka zaɓi uku: wata ta fasaha a Maraɗi, wata ta kimiyya a Tawa, da wata a Yamai wadda take ɗaukar 'yan kaɗan daga kowace jiha. Jarrabawar ta Maraɗi a Madawa za a rubuta ta, sauran biyun kuma a Tawa cikin mako guda. Na zauna na tsara komai a cikin kayena, ɗan littafina na rubutu, yadda na saba, takardu da hotuna, motar da za mu shiga, gidan da za mu sauka, har bik na rubutu na saya mata biyu don kada ɗaya ya ƙi. Cima ta ce in da tsari ne ake ci da tuni ni ne gwamnan Tawa. Na yi dariya, amma a raina na ɗauka ban bar wata kafa ba.

A Madawa muka sauka gidan Gwaggo Sauda, domin ina kuma za mu sauka? Ta tarbe mu da murna, ta rungume Nasiba tana cewa ga Isaka sak, har hancin. Na tarar matar ɗanta ta haihu, ana tsakiyar jego, na yi barka na koma zaure inda aka yi mini shimfiɗa. Nasiba ta shige ciki da jakarta. Ni da mutanen gidan muka yi ta hira da shayi, ana labarin kuɗin albasa da lalacewar hanya, ina jin daɗi a raina cewa yarinya tana ciki tana hutawa tana duba darasinta. Sau ɗaya na aika a tambaye ta ko tana bukatar wani abu, aka dawo aka ce ta ce babu komai. Da safe na raka ta har ƙofar makarantar da ake rubutawa, na ga idonta ya yi ja, na ce tsoro ne, na yi mata addu'a. Da ta fito na tambaye ta, ta ce da sauƙi, ba ta ƙara ba. A mota kuwa tun kafin mu fita gari barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai Buza.

Cima ce ta tono maganar bayan mun dawo. Ashe tun da yarinyar nan ta ajiye jaka ba ta zauna ba. Ta ga Gwaggo da tsufanta tana jan itace, ta karɓa. Ta ga turmi, ta kama taɓarya. Ruwan wankan jego ita ta ɗebo, ita ta hura masa wuta tun kafin kiran asuba, ita ta dama kunun mai jego, ta wanke kayan jariri, sannan ta sa hijabi ta fito muka tafi jarrabawa. Ba wanda ya sa ta, Yaya, wannan ina so ka gane. Gwaggo ma ta ce mata ta bari sau ɗaya ko biyu, irin barin nan da ake faɗa da baki. Amma wace ɗiya ce mai tarbiyya za ta zauna da littafi a gidan mutane babba tana aiki? Haka muka koya mata, haka ta yi. A kan takardar lissafi barci ya sace ta, har mai tsaron ajin ya ƙwanƙwasa mata tebur. Ta gaya wa Cima tana kuka, ta ce kada a gaya mini don kada raina ya ɓaci.

Na ce wa Cima ni ban ga komai ba. Ta ce ai daga zaure ba a ganin turmi, sai dai a ga tuwo. Ta ce kuma a gidana ma wa nake tsammani yake daka tun da ita ta kwanta zazzaɓi, aljanu? Ranar ce na gane abin da yake maido 'yan matan garinmu daga gidajen dangi, na kuma gane cewa in Nasiba ba ta samu makarantar kwana ba, to karatunta ya ƙare ko da an rubuta sunanta a lise. Muka fara kai hatsi injin niƙa, Cima da ƙanwarta suka ɗauke mata rijiya, ta samu ta zauna da Mushe Mahamud suna bitar lissafi da kimiyya. Sai dai Tawa tana gabanmu, kuma a can kwanaki za mu yi ba dare ɗaya ba.

Na juya maganar ta kowace fuska. In na ce mu sauka gidan wani abokina da muka yi kolej tare, Kawu Ango zai ji kafin mu kwance kaya, kuma ka san shi, zai ce ɗan yayarsa ya shigo gari ya tsallake ƙofarsa, ba zai manta ba har ya mutu. In na je na ce wa matarsa Binta kada a sa Nasiba aiki, to na ce mata tana bautar da baƙi ke nan, ni da nake ɗa a gidan. Ko da ma na faɗa ta yarda, Nasiba da kanta ba za ta iya zama ba, kunya za ta tashe ta. Ina wannan lissafi a tsakar gida da babbar murya, kamar yadda nake yi in abu ya dame ni, sai Inna ta ɗago daga gyaran wakenta ta ce mu kai ta. Na ce ina? Ta ce gidan ƙanenta mana, ko an hana ta ne? Ta ce yarinyar da take jinyar kakarta ba mai aikenta ko da ɗaukar ludayi, kuma ita ma ba za ta ji kunyar zama ba tun da aiki take yi. Na ce Inna ai lafiyarki lau. Ta ce wannan kuma na bar mata.

Gaskiya ban so ba. Inna ta daɗe ba ta yi doguwar tafiya ba, hanyar Keita kuma ka san ta da damina. Na ce in wani abu ya same ta a hanya me zan gaya maka? Sannan ga ƙarya da za a yi wa babba a cikin gidansa. Na kwana biyu ina ja da baya, Cima tana turo ni, Inna kuma ta riga ta wanke zanenta na fita ta ƙulle kuka da daddawa na tsaraba. Haka muka tafi. Bayan Keita muka tarar korama ta kawo, muka zauna bakinta tare da sauran motoci har ruwa ya janye. Ni ina ta duban sama ina zullumi, Inna kuwa ta samu wata tsohuwa 'yar Tamaske suna ta hira suna cin gyaɗa kamar sun zo biki.

Muna isa ƙofar gidan Kawu, matar nan da ta hau mota da ƙafarta ta ce sai an sauke ta. Ta dafa kafaɗar Nasiba tana jan ƙafar hagu tana salati, ni kaina sai da gabana ya faɗi. Aka shimfiɗa mata a ɗakin da ya fi iska. 'Yan matan gidan suka zo za su matsa mata ƙafa, ta ce su tashi, hannunsu kamar na masu faskare, ba mai taɓa ta sai ƙawarta, wato Nasiba, ita ta san inda ciwon yake. Ta ce kuma kada wanda ya kira mata yarinya ko nan da ƙofa, don ciwon ba ya sallama in zai taso. Shi ke nan aka saki labule. Nasiba tana ciki da littattafanta, Inna tana kishingiɗe tana jan carbi, in ta ji takun mutum sai ta fara nishi. Har abinci ciki ake kai musu.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Kawu Ango zai ɗauki maganar da zafi haka. Da ya dawo daga kasuwa ya ga yayarsa kwance, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya fito ya same ni a zaure ya wanke ni tas. Ya ce mu 'yan boko haka muke, uwa tana fama da ƙafa muna fama da takarda. Ya ce tun yaushe take ciwo ba a gaya masa ba, kuma wane marar hankali ne zai ɗoro tsohuwa a hanyar Keita cikin ruwa? Har kai ma ka samu rabonka, ya ce kana can bakin teku ka manta da wadda ta haife ka. Na sunkuyar da kai ina ba shi haƙuri. Sai ya yanke hukunci cewa gobe da sassafe za a kai ta babban asibiti a ɗauki hoton ƙafar, kuma yarinyar nan da ta san ciwon ita za ta bi su ta yi wa likita bayani. Goben nan kuwa ita ce ranar jarrabawar farko. Na ce Kawu ai tana da konkur. Ya ce konkur ta fi uwarka? Na ga dabararmu ta juyo za ta cinye abin da muka zo nema, kuma in na faɗi gaskiya a lokacin, na kunyata Inna a gaban ƙanenta da matarsa.

Na shiga na gaya wa Inna cikin raɗa. Ta ce a kira mata Ango. Da ya zo ta ce masa ita ba inda za ta, asibitin da ake shiga da ƙafa biyu a fito da ɗaya? Ta ce mahaifinsu har ya koma ga Allah bai san allura ba, ƙaho ake yi masa ya miƙe, ita ma a nemo mata wanzami in dai ana son lafiyarta. Ina jin ta ɗauka zai ce a bari sai an kwana biyu. Amma Kawu ya ji an ambaci mahaifinsu, nan take ya aika, kafin la'asar ta yi sanyi ga wanzami da zabirarsa. Inna ta dube ni, na dube ta. Na buɗe baki zan yi magana ta harare ni, irin hararar da ka sani. Ta miƙa gwiwarta lafiyayya, aka tsaga, aka kafa ƙaho. Ina tsaye bakin ƙofa ina jin ƙarar tsotson, kamar a jikina ake yi. Nasiba tana riƙe da hannunta tana hawaye, Inna ta mintsine ta ta ce ta rufe mata baki, kuma in ta kuskura ta faɗi jarrabawa bayan wannan, to wanzamin nan yana nan, a tsakiyar kai za a kafa mata nata. Wanzami ya nuna wa Kawu jinin ya ce dubi baƙinsa, ai an yi sa'a da aka kira shi da wuri. Kawu ya yi hamdala, aka bar maganar asibiti.

Da safe Binta da kanta ta kawo wa Nasiba koko da ƙosai, ta tsaya har ta shanye. Nasiba ta ba ni labari daga baya cewa da za ta fita, Binta ta durƙusa kusa da Inna tana yi mata sannu, ta ce Yaya, jiya da kika sauka mota kamar hagu kike ja, ga shi kuma dama aka tsaga. Inna ko gezau, ta ce ciwon yawo yake yi. Binta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to Allah ya tsayar da shi wuri ɗaya. Ta ce ita ma ɗiya mata gare ta, da an gaya mata tun farko da an huta da aska. Inna ta ce da an gaya mata da ta yi fushi, Binta ta ce wannan kuma gaskiya ne. Daga ranar ita ta zama mai gadin labulen, duk yarinyar da ta doshi ɗakin sai ta kore ta. Mijinta kuwa ba ta ce masa komai ba.

Wajen jarrabawar ban taɓa ganin taro irinsa ba. Iyaye daga Ƙonni, daga Illela, daga Abalak, kowa ya samu gindin bishiya ya zauna. Wasu yaran an kawo su cikin mota, suna Faransanci da junansu kamar a bakinsu aka haife shi, ana cewa tun bara ake biya musu malamin gida don wannan rana. Na dubi tamu da takalmin roba da jakar leda, na ji zuciyata ta karye, na ce ko dai na ɗora mata abin da ya fi ta. Ita kuwa ta karɓi bik ɗinta ta shige ba ta waiwayo ba. Da ta fito idonta garau, ta ce lissafin irin wanda suka yi da Mushe ne, Faransancin ne ya yi tsawo amma ta kai ƙarshe. Na fara tambayarta ɗaya bayan ɗaya me ta rubuta, ta ce Baba don Allah ka bar ni in sha ruwa. Ta Yamai da aka yi bayan kwana biyu ta fi tsanani. Ta ce akwai tambayar kimiyya da ba su taɓa kaiwa wurin ba a kolejinmu, ta bar ta fari. Na ce ba komai, ko da yake a raina komai ne.

Muka dawo gida aka shiga jira. Ba zan ɓoye maka ba, jiran nan ya fi tafiyar wuya. Sakamakon Maraɗi ya fara fitowa, babu sunanta, kamar yadda muka zata. Gwaggo Sauda ta aiko da jaje, ta ce kada mu damu, a kawo mata Nasiba ta zauna wurinta ta yi lise a Madawa, irin wannan ɗiya mai hannu ko goma ne tana so. Da zuciya ɗaya ta faɗa, Allah ya saka mata, amma na san in ta je can karatun ya ƙare. Bayansa na Yamai ya fito, nan ma babu. Saura ɗaya. Na daina iya cin abinci sosai. In na dubi tabon gwiwar Inna sai in ce na sa an zubar da jinin tsohuwa a banza. Nasiba ta koma turminta ba wanda ya ce ta koma.

Ranar Talatar da ta wuce ina gonar tudu ina duba gero, sai na ji moto, wato babur, yana tahowa ta cikin kunyoyin gona, mai shi yana ta oda. Mushe Mahamud ne, ko hula babu. Tun daga nesa yake ɗaga waya yana kiran sunana, yana cewa Tawa, Tawa! Ta ci, Yaya. Makarantar kimiyya ta Tawa ta ɗauke ta, da gadonta da abincinta. Na zauna nan cikin gero na yi ta hamdala, Mushe yana dariya yana cewa in tashi kada maciji ya taya ni murna. Da muka iso gida Cima ta rangaɗa guɗa, Inna ta tashi ta taka rawa a tsakar gida da gwiwar da aka tsaga, tana cewa jininta ne ya ci ba ƙwaƙwalwar kowa ba. Nasiba ta shige ɗaki ta rufe fuska, sai da aka jawo ta.

Yanzu ga abin da ya rage. Kawu Ango ya gaskata wanzaminsa ne ya tashi Inna, yana ta ba mutane labari, har ya aiko da wani man shafawa da saƙon cewa a maido ta bayan girbi a yi wa ɗaya gwiwar don kada ciwon ya koma can. Inna ta ce in ya ga ta sake taka Tawa to a ɗaure aka kai ta. In ya kira ka ya yi maka faɗa, ka karɓa ka ba shi haƙuri ka yi masa godiya, kada ka nuna ka san komai. Har yau ina tambayar kaina ko daidai muka yi da muka rufe shi, mutumin da ya yi hawaye don yayarsa. Na tambayi Inna, ta ce tsakaninta da ƙanenta ne, in cire bakina. Gwaggo Sauda ma ka kira ta ka gode mata saukar da ta yi mana, ba ta da laifin komai, kuma ba na so ta taɓa jin abin da ya faru a ɗakin jarrabawar Madawa. Kayan tafiya kada ka damu, muna haɗawa a hankali, farkon watan gobe zan kai ta da kaina.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi sa ni ɗaukar bik. Da na gaya maka a waya an samu alheri, ka ce alhamdu lillahi, sai ka tambaye ni labarin gero. Na san dalili. 'Yar fari ce, ba ka kama sunanta, ba ka nuna murnarka a kanta a gaban mutane, haka muka tarar ana yi, ban ce ka saɓa ba. Amma tana tsaye bayan ƙofa lokacin, tana jin duk abin da muke faɗa. Da na kashe waya ta tambaye ni ko Baba ya ce wani abu. Na ce ya yi murna ƙwarai. Ta ce to, ta ɗauki tulu ta fita. Yaya, yarinyar nan za ta bar gida ta tafi inda ba ta san kowa ba, kuma ta yi abin da ka ce a ga ta yi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan ba ta wayata in fita in bar mata ɗakin. Ka nemi inda ba kowa ka kira. Ba sai ka faɗi sunanta ba, ka kira ta da duk abin da bakinka zai iya, amma ta ji daga gare ka.

Ka gaishe mini da Yelwa da kyau, ka ce mata ɗiyarta ta fid da mu kunya, ita kuma ka karanta mata takardar nan in kuna ku biyu. Ka shafa mini kan Mahaman da Fiddausiya. Ina gaida Tsoho da ya ɗauki nauyin kawo wannan, da dukan mutanen garinmu da ke tare da ku. Inna tana sa muku albarka, ta ce a gaya maka tana bin ka zane sabo, ka san na mene ne. Cima da Mustafa suna gaisuwa, Mushe Mahamud ma ya ce in isar da tasa. Allah ya sada mu da alheri, ya sa mu ga ƙarshen karatun nan da ranmu da lafiyarmu.

Ni ne ƙanenka,
Mahfuzu.